Hoton majigi ya fito kai ƙasa: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne. Mun rataye majigi a silin ɗin ɗakin taronmu, muka haɗa shi da laftof mai Windows 10, sai hoton ya fito kai ƙasa. Da na juya shi a kwamfuta ya miƙe a bango, amma ita fuskar laftof ɗin ta kife. Yaya zan yi kowanne ya tsaya daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sake taɓa kwamfutar, ɗauki rimot ɗin majigin ka danna Menu, ka dubi bango. In rubutun da ya fito shi ma kai ƙasa yake, to laftof ba ta da laifi. Majigin da aka rataya a sama kife shi ake yi, ƙafafunsa na kallon silin, shi kuwa bai san an kife shi ba sai an gaya masa.

A cikin wannan Menu ɗin nemi Projection. Yawanci zaɓi huɗu ne: Front, Rear, Front/Ceiling da Rear/Ceiling. Naka shi ne Front/Ceiling. Karatun zai ɗan ba ka wuya tunda a kife yake, sai ka karkata kai ka yi haƙuri. A yawancin majigin Epson ma akwai hanyar ratse: danne A/V Mute na rimot na daƙiƙa 5, hoton zai ɗauke ya dawo a miƙe. Rear kuwa na wanda ke haskawa ta bayan farin ƙyalle ne, shi ya sa yake fitar da rubutu kamar a madubi. Wannan kam Windows ba ta gyara shi, domin juya hoto ta iya, ba ta iya musanya dama da hagu ba.

Abin da ya sa laftof ɗinka ta kife shi ne tana kan Duplicate. A wannan yanayin Windows na ɗaukar fuskokin biyu a matsayin guda, duk abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayar. Danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend, wanda ke raba fuskokin biyu, kowacce ta zama daban. Sai ka shiga Settings, System, Display. Za ka ga akwati biyu, 1 da 2. Identify zai nuna maka lambar kowanne, har a bangon. Danna akwatin majigin tukuna, sannan ka gangara zuwa Display orientation. A nan mutane suka fi yin kuskure, sai su manta ba su zaɓi akwatin ba, su juya laftof. Mayar da duka biyun kan Landscape. In ka zaɓi abin da bai yi ba, kada ka danna komai, bayan daƙiƙa 15 zai koma yadda yake da kansa.

Gaskiya ne Landscape flipped a kan majigin kaɗai zai miƙar da hoton, amma ban ba ka shawararsa ba. Gyaran a cikin laftof ɗinka zai zauna. Gobe wani malami ya zo da tasa, ko a haɗa dikoda don yara su kalli ƙwallo, hoto ya sake kifewa a gaban jama'a, a aiko a kira ka. In a majigin ka gyara, ka gama ke nan. Extend ɗin kuma yana da wani amfani: a PowerPoint kai kana ganin bayananka da shafi na gaba, ɗalibai na ganin darasin kawai.

In hoton ya miƙe amma fuskokin mutane sun matse ko sun yi faɗi, girman hoton ne bai dace ba. Tsofaffin majigi da yawa 1024x768 ne, laftof kuwa 1366x768 ko 1920x1080. A Display resolution zaɓi wanda aka rubuta wa Recommended. In sama ta fi ƙasa faɗi, Keystone na rimot ne maganinsa.

Sai dai kada wani ya ce a kwantar da majigin a gefensa don a sami hoto a tsaye. Mai ƙwan fitila ba a yi shi don haka ba, iskar fankarsa ba za ta bi inda ya kamata ba, ƙwan ya yi zafi ya mutu da wuri.