Maman Hanifa, ga amsarki kan gas (murya)

Assalamu alaikum matan gida. Ku yi haƙuri da murya, hannuna duk ƙullu ne. Maman Hanifa na ji tambayarki, wai in bututun gas ɗin nan ya iso Kano mita za a sa mana a dinga kawo bil kamar na wuta. Ni dai na san ba bututun ne ya dame ki ba, tukunyar gas ɗinki ce ta ƙare tun wata bai yi ba, ko ba haka ba?

To bututun, AKK kenan, daga Ajaokuta ya bi Kaduna ya zo Kano, kilomita 614, tun 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikin. Amma gas ɗin cikinsa daban ne, na masana'antu ne da tashoshin wuta da motocin CNG, masu aiki da gas maimakon fetur. Namu na tukunya a tanka ake jawo shi daga Kudu, su Legas da Warri da Fatakwal, kuɗin mota da dizal duk a kanmu yake ƙarewa. Ga dala kuma, tun 2023 da aka saki naira farashin bai sake zama wuri guda ba. Ki bar maganar mita tukuna, mitarki sikeli ne.

Kilo ake sayarwa, kilo! Kar ki ƙara aiken yaro ki ce "a sa na dubu biyar". Ki tambayi kilo nawa ne yau, ki yi lissafinki tun daga gida. Sannan ki duba jikin tukunyar, wajen mariƙi, akwai lambar da aka buga, an sa TW, nauyinta kenan in ba komai ciki. Tawa kilo 14.2 ce, mai cin gas kilo 12.5 ɗin nan. In an cika dole sikeli ya nuna 26.7, ƙasa da haka an ci ki.

Ni abin da aka yi min ke nan azumin bara... a'a, bara waccan, lokacin da muke Ɗorayi. Na aiki Abba da tukunya, cikakken kuɗi na ba shi, ya dawo na ɗaga na ji ta sakayau. Na ce kai, wannan ba nauyin da na sani ba ne. Na ari sikelin maƙociyata mai sayar da fulawa, wallahi 24 da ɗan ɗoriya. Kilo biyu da wani abu sun tafi. Na saka hijabi na hau adaidaita da tukunyar, da azumi a bakina. Mai shagon ya kalle ni ya ce wai Hajiya ai iska ce, tana fita a hanya. Iska! Daga bakin titi zuwa lungunmu? Na ce ɗora ta a naka sikelin, sai ya fara wai batir ya yi sanyi. Har yau in na wuce shagon nan raina ɓaci yake, kuma ba kuɗin ba ne, rainin hankalin. Da ya ce kuskure ne ai da shi kenan.

Yauwa, kar in manta, wani injin lita yake ƙirgawa. Kilo ɗaya kusan lita biyu ne, sai ki ga lamba tana gudu ki ɗauka an cika miki. Ki tambaya, kilo ne ko lita. Kuma babban gidan gas ya fi masu ƙananan shaguna sauƙi, don su ma can suke sarowa, sai dai ki haɗa da kuɗin adaidaita.

Amma fa kar in ɗora wa masu gas laifi duka. Ki kaɗa omo ki shafa kumfar a bakin tiyo da kan tukunyar, in ya yi ƙwai-ƙwai to yoyo yake, kuɗinki ne ke tafiya, ga hatsari. Wake da ganda kuwa ni a kurfoti nake... to wannan kowa da tsarinsa. Ki ɗauki hoton lambar jikin tukunyarki ki turo, in faɗa miki abin da sikeli zai nuna gobe.