Abin da ya sa sabon ƙyalle ba ya shiga karofi sai ya kwana a ruwa

Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, saƙonki ya iso, kuma na ga hotunan akokon da kika rina. Na daɗe ina kallon su. Wani wuri shuɗi ya zauna, wani wuri ya yi dabbare-dabbare, ga kuma layi fari-fari a daidai inda aka ninke yadin. Kin ce mahaifiyarki ta yi miki faɗa, ta ce a gidanmu sabon ƙyalle ba ya shiga rini sai ya kwana a ruwa. Ke kuma kina tambaya ko wannan camfi ne irin na mutanen da, tunda garin rinin da kike saye a kasuwar Dole na Turai ne, ba ganyen baba na rinin gargajiya ba. Ƴar'uwata gaskiya ta faɗa miki, dalilin ne kawai ba ta kawo ba, don mata ba sa zama a marina a zamaninmu. Ni na zauna, tun ban kai in ɗaga muciya ba, kuma daga baya na yi shekaru a sashen rini na wata masaƙa a Kano. Abin da zan gaya miki a wurare biyun na gan shi.

Idan aka kawo wa kakanki zugu daga wurin masaƙi, ba ya ko kallon karofi, wato ramin rini. Sai ya warware shi, ya tsoma cikin tsohuwar randa, ya danne da dutse, ya bar shi har gari ya waye. Da safe mu yara mu tattake shi da ƙafa, mu zubar da ruwan da ya yi kauri kamar tsarin koko. Daga nan a sa shi a ruwan toka. Tokar karan gero muke tarawa a tukunya mai huji a gindi, mu zuba ruwa a kai, ya riƙa ɗiga a ƙwarya. Idan kika murza wannan ruwan tsakanin yatsu za ki ji santsi kamar sabulu. A ciki ake dafa farin, ko a jiƙa shi a rana mai zafi, har ruwan ya koma kalar shayi. Sai a ɗauraye, a matse, a kai shi bakin karofi da danshinsa. Ban taɓa ganin kakanki ya tsoma busasshen ƙyalle ba. Kuma duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli ko ya shafa mai a hannu, ba zai taɓa farin da aka wanke ba sai ya wanke hannu da toka. Rigar mahauci kuwa sau biyu ake dafa ta kafin a karɓa.

Dalilin yana cikin audugar kanta. Ki ɗauki sabuwar auduga da aka gurje, ki jefa a kofin ruwa. Za ki ga ta tsaya a sama tana yawo, ta ƙi nutsewa. Allah Ya lulluɓe kowane silin auduga da wani irin kakin da ke kare shi a gona. Ba shi da yawa, bai cika kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba, amma a bayan silin yake, shi ya sa yake tare ruwa. Tare da shi akwai wani abu mai danƙo, da ɓarɓashin ƙwaryar gurya, irin baƙaƙen ɗigon da kike gani a jikin akoko. A kan wannan kuma ga abin da mutum ya ƙara. Zaren tsaye ba ya jure gogayyar saƙa sai an shafa masa sitaci, ko a masaƙar gargajiya ko a ta inji. Rini kuwa a cikin ruwa yake tafiya, inda ruwa bai shiga ba launi ba zai shiga ba. Kwanan ruwa shi ke kumbura sitacin ya saki, ruwan toka kuma shi ke narkar da kakin ya mai da shi kamar sabulu ya fita. Layin nan fari da kika gani a ninki, wurin ne ruwan rini bai ratsa ba sam.

Baba ya fi kowane rini nuna wannan. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an haɗa baba da toka da katsi, wato lakar da ke kwantawa a gindin karofi, a rami, an bar shi kwanaki ya ruɓa, ana motsawa da muciya, sannan launin ya narke, ruwan ƙasa ya koma kore-kore mai ɗorawa, kumfa ta taru a sama. Ƙyalle yana fitowa daga ramin kore ne, a gaban idonki iska ta buge shi ya koma shuɗi. Idan narkakken rinin ya shiga cikin silin kafin iska ta same shi, ya zauna ke nan, ba ya fita. Idan kuwa kaki da sitaci sun tare ƙofa, a waje zai daskare, wanki ɗaya ya bi ruwa. Busasshen ƙyalle kuma iska ce cike a cikin saƙarsa, kina tsoma shi kin kai wa ramin abin da ke kashe shi. Garin da kike haɗawa da soda da hodar nan mai wari dangin wannan aikin ne. Hodar tana yi cikin mintoci abin da ruɓa ke yi cikin kwanaki. Ko shunin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ainihinsa ɗaya ne da na ganyen baba. Marini ya canza gari, audugar ba ta canza ba.

Ranar da na fara aiki a masaƙa na zaci kai tsaye wurin launi za a kai ni. Sai na tarar injinan da yadi ke bi kafin ya ga rini sun fi na rinin yawa. Da farko a wuce da shi da gudu ta kan harshen wuta a babbake gashin da ya miƙe. Sannan a jiƙa shi da maganin da ke cinye sitaci. Sannan a dafa da soda, wadda ita ce ruwan tokarmu, ƙarfi kawai ta fi shi. Sannan a farar da shi, don ɗorawar da ke jikin auduga kada ta gurɓata launi mai haske. Na tsaya a gaban tukunyar dafuwa na ga ruwa mai kalar shayi yana fita, wallahi sai da na tuna randar kakanki.

Abu ɗaya ne na gani can wanda ba mu da shi. Akwai injin da ke tsoma yadi cikin soda mai kauri ƙwarai, kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, ba tare da zafi ba, yadin yana ɗaure tam ta kowane gefe, sannan a wanke shi yana nan a miƙe. Wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano haka a 1844, bayan shekaru fiye da arba'in wani mai suna Horace Lowe ya ƙara dabarar ɗaurewar. Silin auduga a asalinsa a murɗe yake, a shafe kamar busasshen wake. Sodar na kumbura shi ya zama kewayayye, sai ya yi sheƙi, ya ƙara ƙarfi, ya kuma sha rini fiye da da. Na ga an tsoma yadi biyu a ruwa ɗaya, wanda aka yi wa wannan aikin ya fito da launi mai zurfi kamar an ninka masa gari. Daga nan sheƙin shadda mai tsada ya samo asali. Kada ki ce za ki gwada a gida, yadin zai tsuke miki, hannu kuma ya ƙone.

Namu sheƙin daga mabuga yake fitowa. Turkuɗin da Buzaye ke zuwa nema, wanda ayari ke ɗauka daga Kura da Kano ya biyo ta Damagaram zuwa Agadas tun zamanin Sarki Tanimu, bayan ya sha rini har ya ƙoshi sai a barbaɗa masa garin shuni a yi ta bugu a kan gungume har ya yi ƙyalli kamar ƙarfe. Wannan na sama shi ke zuba a jiki, kuma masu shi suna son haka. Amma a ƙarƙashinsa akwai rinin da ya shiga zare, wanda ko rawanin ya tsufa ya yage ba zai koma fari ba. Ina faɗa miki wannan ne don na ji wasu matasa na cewa ai rinin gargajiya dama zuba yake yi, su fake da haka su sayar wa mutane aikin da ba a wanke ba. Wannan magana tana ɓata mini rai. Mace ta tara kuɗinta na adashi ta kawo miki shaddar sallah, ranar wankin farko ruwan baho ya kwashe launin, ba ta da bakin magana sai dai ta daina zuwa.

Farar shadda mai kyau an riga an yi mata duk waɗancan ayyukan tun a masaƙa, amma a ƙarshe ana shafa mata abin ƙyalli da laushi a guge da zafi, shi ma yana tare ruwa. Ita wanka da ruwan zafi da sabulu ya ishe ta, a ɗauraye sosai. Akoko kuwa ɗanye ne, da sitacinsa da kakinsa, dole ya kwana a ruwa, a tattake, a dafa shi awa ɗaya ko biyu da ruwan toka ko ƴar soda kaɗan da sabulu, yana nutse kada ya leƙo sama. Na san halin ruwa a garin nan, na san abin da ake biyan ƴan garuwa a watan bazara, kuma na san a ɗauraya ake fara yin rowa. Ki rage yawan turamen da kike karɓa, kada ki rage ɗauraya. Ruwan jabel kuma, wato bilic, ki yi nesa da shi in ba dole ba. Yana farar da ƙyalle, amma yana cin zare, kuma in ya saura a jiki zai ɓata miki ruwan rini.

Gwajin da muke yi a masaƙa ba ya buƙatar komai. Ki shanya ɗan yanki ya bushe, ki ɗiga masa ruwa ɗigo ɗaya. In ya shanye nan take ya bazu, yadin ya shirya. In ɗigon ya tsaya yana ƙyalli kamar dutsen ado, ki mai da shi tukunya. Ki gwada a baki, a tsakiya, da kan ninki. Kafin ki saya ma, ki zare zare ɗaya ki kusantar da ashana. Auduga na ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, mai gaurayen roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule, kuma irinsa ko kin dafa shi kwana bakwai wannan rinin ba zai kama shi daidai ba.

Soda kuma ki ji tsoronta. A ruwa ake zuba ta kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa. Kada ki sa ta a tukunyar sanholo irin ta girki, tana cin ta. Ki nemi rabin duro na ƙarfe, ki sa safar hannu ta roba mai tsawo, ki yi aikin a fili, yara kuma su koma zaure. Na ga abokin aikina da ɗigo ɗaya ya faɗa wa ido, bai ƙara gani da shi ba.

Wannan turmin da ya ɓaci kada ki yar. Ki jiƙa shi daren Laraba, ki dafa da safe, abin da bai kama ba zai fita, sannan ki sake rina shi da launin da ya fi na farko duhu. In kin shigo kasuwa ranar Alhamis ki biyo da yanki biyu, wanda aka dafa da wanda ba a dafa ba, akwai tokar kara a gida. Ki gaida mahaifiyarki da yara.

Kawunki.