Ga 'yar'uwar da ke neman addu'ar gyaran aure

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Kin ce maigidanki ya daina cin abincinki, sai dare ya raba yake shigowa, magana a tsakaninku ba ta wuce gaisuwa, kin yi azumi kin yi addu'a shiru, yanzu kina so a ba ki addu'ar da za ki riƙa yi. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a Zuru, na daɗe cikin waɗanda ake aikawa tare da matar fasto idan gida ya rikice.

Babu wasu kalmomi da za a rubuto miki ki maimaita sau bakwai aure ya gyaru. Tambayata ita ce, in kin durƙusa me kike faɗa? Yawancinmu ƙara muke kaiwa: Ubangiji ka ga abin da ya yi mini, ka karya taurin kansa. Allah yana jin wannan kukan, ai Hannatu ma ta zube damuwarta a gabansa har Eli firist ya zaci ta bugu. Amma in kullum nan kike tsayawa, za ki tashi zuciyarki ta fi dā zafi. Ki fara da Zabura 51 aya ta 10, inda Dawuda ya roƙi tsabtatacciyar zuciya, ba don na ɗora miki laifi ba, sai don ɓacin rai na watanni yana cin mai shi. Sannan ki kira sunan mijinki ki roƙa masa alheri: lafiyarsa, sana'arsa, abokan zamansa, bashin da ke kansa in akwai. Da wuya ki yi wa mutum wannan da asuba ki dangwara masa kwanon tuwo da dare. Kuma don Allah ban da addu'ar habaici, wadda ake ɗaga murya don ya jiyo daga ɗaki. Maza sun san ta sarai.

Ki roƙi Allah kuma ya nuna miki abin da ke cin sa. Akwai wata baiwar Allah da suka gudo daga yankin Danko-Wasagu saboda 'yan bindiga, sun bar gona da shanun noma. Mijin ya daina cin abincin gida, kullum yana wurin masu burkutu, ita kuwa ta tabbata wata mace ce a waje. Da fasto da wani dattijon ikilisiya suka zauna da shi, sai mutumin nan ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa. Ya ce tuwon ba ya wuce masa maƙogwaro, domin ya san da kuɗin ƙosanta aka yi cefanen. Kunya ce ta kore shi daga gidansa. Dattijon ya nemo masa aron gona, aka ci gaba da yi musu addu'a, a hankali ya dawo. Ban ce na mijinki haka ne ba, amma wannan ciwon ya shiga gidaje da yawa a ƙasar Zuru.

Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Matiyu 18:15 da 16 ya shimfiɗa hanya: ki yi masa magana ku biyu, lokacin da ya huce, in bai ji ba a ƙara mutum ɗaya ko biyu. A wajenmu aure bai taɓa zama na mutum biyu kawai ba. Kakanninmu sun yi shekaru suna golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai kafin a ba su mata, don haka iyaye suna da bakin magana. Sai dai a zaɓi mai riƙe sirri, wanda shi mijin yake jin nauyinsa. In aka dace ya yarda ku yi addu'a tare, ku fara da kaɗan. Ki ce masa, Baban yara, ka sa wa yaran nan albarka kafin su tafi makaranta. Minti ɗaya ya isa.

Masu sayar da mai da ruwa na addu'a suna kiran kansu annabawa, ki guje su. Na ga gidan da aka ce wa matar uwar mijinta ce ta ɗaure auren, ta je ta faɗa wa tsohuwar a gaban jikoki. Sulhun wannan ya fi rikicin farko wuya nesa ba kusa ba.

Maza masu karantawa, ku duba 1 Bitrus 3:7. Yadda kuke riƙe matanku yana iya tare addu'arku.

Abu ɗaya ba ki ambata ba, ƙanwata, kuma ya dame ni: yana dukanki? In akwai duka ko barazana, ki kwashi yara ki tafi gidanku ko gidan fasto yau ɗin nan, a ci gaba da addu'a da sulhu kina can. Afisawa 5:25 ya ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, babu inda aka ba shi izinin ɗaga mata hannu. In babu, to ranar taron mata ki ja matar fasto gefe bayan an tashi ki faɗa mata komai, kada ki sa shi cikin roƙon addu'a na gaban jama'a. Ina sa ki cikin addu'ata, ki sanar da ni yadda kuka yi.