Rabon Momen da Hannu a Zamanin Kwamfuta

Ka tambaye ni dalilin da ya sa ake wahalar da ku da lissafin firam, wato ƙashin gini na fila da bim, da biro da takarda, alhali kwamfuta na gama shi cikin daƙiƙa. Ɗana, kwamfuta abin da ka zuba mata take dafawa. Ka ce mata gindin fila a sake yake alhali a ɗaure yake cikin kankare, za ta ba ka lamba mai kyan gani ba tare da gardama ba. Wanda ya saba da lissafin hannu ne kaɗai zai kalli lambar ya ce a'a.

Hanyar da zan so ka riƙe ita ce rabon momen (momen shi ne ƙarfin da ke lanƙwasa bim ko fila) ta Hardy Cross, wadda ya fitar a 1930 yana koyarwa a Jami'ar Illinois ta Amurka. Dabararta: ka kulle kowace mahaɗa, wato inda zango ya haɗu da zango ko da fila, don kada ta juya, sannan ka riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ga bim mai zango biyu, mita 6 da mita 4, kauri ɗaya, ƙarshensa biyu a ɗaure, nauyi kN (kilonewton) 20 a kowace mita. Momen ƙarshe a kulle wL²/12 ne (w nauyin kowace mita, L tsawon zango), wato 60 a dogon zango, 26.7 a gajere. A mahaɗar tsakiya ke nan akwai ragowar 33.3 da ba ta daidaita ba. Wa zai ɗauke ta? Mai tauri ya fi ɗauka. Tauri 4EI/L ne (EI ƙarfin bim na ƙin lanƙwasa, ɗaya ne a zangon biyu), don haka dogon ya samu kashi 0.4, gajeren 0.6, wato 13.3 da 20. Ka duba, duka ɓangarorin sun tsaya a 46.7. Daga nan rabin abin da ka raba yana tsallakawa can ƙarshen: na dogon ya hau 66.7, na gajeren ya sauka 16.7. Wannan 46.7 shi ke gaya maka yawan rodin da za ka sa a saman bim a kan fila, inda kankare ke fara tsagewa idan an yi rowa.

Da fila ta shiga mahaɗar, da ita ma ta karɓi rabonta. Kashin kowace mahaɗa dole su haɗu su ba da 1. In ba su ba, koma baya. In ƙarshe a sake yake, wato yana kan matallafi amma yana iya juyawa, tauri 3EI/L ne, kuma babu abin da ke tsallakawa can.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne karkata. Firam da nauyinsa ya fi yawa a gefe ɗaya, ko filolinsa ba tsayi ɗaya ba, ko iska ke turawa, yana gocewa gefe. Sai ka yi lissafin sau biyu: da tokara ta ƙarya da ke hana shi gocewa, sannan ka cire ta ka gyara. Kafin ka kawo mini takardarka, tara ƙarfin da ke tura gindin filolin a kwance, ka ga ko ya yi daidai da ƙarfin da ke tura firam daga waje.