Shin dinari daga Rumawa ya samo asali?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne dinarin da muke ji a littattafan fiƙihu asalinsa kuɗin Rumawa ne. Gaskiya ne, har sunan ma nasu ne, daga "dinariyus", wato tsabar azurfar Rumawa, ya fito.

Tsabar zinarin sarakunan Rum sunanta "awureyus". A zamanin Sarki Agustus nauyinta kusan giram 8 ne, ana canjar da ita da tsabar azurfa 25. Sojan da ya yi shekara cur yana bakin daga, albashinsa awureyus tara ne kacal, kuma a ciki ake cire masa kuɗin abinci. Duk sarkin da aljihu ya yi wa zafi sai ya rage mata nauyi. Sarki Nero ya yi haka a shekarar 64 Miladiyya.

Sarki Kwanstantin ne ya tsayar da magana wajen shekarar 312, ya buga sabuwa mai suna "solidus", giram huɗu da rabi. Ita ce Larabawa ke ciniki da ita a Sham, da hoton sarkin Rum a jikinta, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a 77 bayan Hijira. Kalmarmu ta "zinariya" ma daga dinarin take.