Ɗana, kar ka ari sunan ƙanenka don aikin direba

Wani yaronmu ya turo min saƙo ta WhatsApp daren Talata, ya ce in ɓoye sunansa, to na ɓoye. Shekararsa huɗu yana gadi a wani gida a Lekki a nan Legas, yanzu an samo masa hanyar aikin direba a wani kamfani a Ikeja, albashin ya kusa ninka na gadin. Matsalar ita ce sun ce sai mai takardar gama sakandare kuma wanda bai haura talatin ba, shi kuwa shekararsa 34, a aji uku ya bar makaranta. Sai wani ya ba shi dabara wai ya ɗauko sakamakon WAEC na ƙanensa da ke gida, a je kotu a yi takardar rantsuwa a ce shi ne mai sunan. Ga mama ba lafiya, ga damina ta kawo kai babu kuɗin taki. Ya ce, "Baba, wannan ma zunubi ne? Ai ba sata zan yi ba, kuma kowa haka yake yi a garin nan."

Ɗana, eh zunubi ne, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kuma ina ganin kai ma ka sani, don da zuciyarka ta kwanta da abin ba za ka tashi tsoho ƙarfe sha ɗayan dare ba. Buɗe Littafin Firistoci 19:11-12, a wuri guda Allah ya haɗa sata da ƙarya da rantsuwar ƙarya da sunansa, bai ware ɗaya ya ce wannan ƙarama ce ba. Takardar kotun nan, ko ba a miƙo maka Littafi Mai Tsarki ka dafa ba, ko hatimi kawai aka buga ka biya ka fita cikin minti biyar, sunanta rantsuwa. A dokar ƙasa ma laifi ne.

Bar maganar sama tukuna, mu sauko ƙasa. Zamanin da mutum zai zama Bitrus a Kafanchan ya zama Yohanna a Agege ya wuce. NIN ɗinka na ɗauke da zanen yatsunka da hotonka da ranar haihuwarka, an ɗaure shi da layin wayarka, BVN na banki shi ma yatsunka ne, lasisin tuƙi na FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, ma sai da NIN. To da wane suna za ka buɗe asusun da albashi zai riƙa shiga? Da wane suna za a tara maka fansho? Ƙarya ɗaya za ta buƙaci ta biyu, ta biyu ta ja ta uku, Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Allah ya kiyaye, ranar da ka goga motar wani a gadar Third Mainland, ɗan sanda ya karɓi lasisi ya ga suna daban, katin kamfani suna daban, a ranar wanda ya ba ka dabarar wayarsa a kashe take. Sannan wa zai cika maka fom ɗin garanto? Na san wajen dattawan coci za ka zo, wato mu ma ka saka hannunmu a ciki. Shi kuma ƙanen naka, ranar da zai nemi nasa aikin ya tarar wani na cin abinci da sunansa fa?

Ba wai ina magana don ni tsarkakakke ba ne. Farkon zuwana Legas wake da gero nake aunawa a Mile 12, kuma gwangwanin dirika biyu gare ni, ɗaya lafiyayye na masu ido, ɗaya an ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki, na wanda ya zo da sauri. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Ranar Lahadi kuma ina gaba-gaba a sujadar Hausa, har da ni a masu karɓar baiko. Wata ranar Laraba a nazarin Littafi Mai Tsarki aka ce in karanta Karin Magana 11:1, inda aka ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji, muryata ta riƙa rawa kamar an kama ni da kaya a hannu, alhali ba wanda ya sani. Washegari na jefa gwangwanin a kwata. Riba ta ragu, ba zan ɓoye maka ba, wata uku ina jin jiki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bayan gwangwanin ya tafi sai na ga bakina ma ya fara jin nauyin cewa "na bana ne" a kan waken bara, daga baya har ƙaryar "ina hanya" a waya ta fara yi min ɗaci. Hali haka yake ginuwa, kamar yadda kafaɗar ɗan dako ke yin kanta, kullum kaɗan kaɗan. Wanda ya fara aiki da sunan aro shi ma wani hali yake ginawa, gobe rasit ɗin mai ne zai ƙara wa sifiri.

Ci-rani na da wani haɗari da ba a cika faɗa ba, wato ba idon gida. A ƙauye in ka yi abu da safe kafin yamma faston ku ya ji, a nan kuwa mutum miliyoyi ba wanda ya san sunan babanka. Yusufu ma haka ya samu kansa a Masar, ba Yakubu ba 'yan'uwa, Fotifar ya sakar masa gida gaba ɗaya kamar yadda oganka ke barin makullai a hannunka in ya yi tafiya. Da matar gidan ta matsa masa, abin da ya hana shi shi ne kada ya yi wa Allah zunubi, Farawa 39:9. Kuma ka lura, ladar da ya fara samu kurkuku ce. Yana ɗan shekara 17 wahalarsa ta fara, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa yi biyayya yau ka ga alat gobe. Mai yiwuwa aikin nan ya wuce ka, kuma zai yi zafi. Yesu dai ya ce in muna ƙaunarsa mu kiyaye umarnansa, Yohanna 14:15, bai sa sharaɗin albashi ba.

Yanzu ga abin da zan so ka yi. Ka je wajen mai ɗaukar aikin da takardunka na gaskiya, ka ce ga shekaruna, ga inda na tsaya a makaranta, ga shekara huɗu ina riƙe da gidan mutum ko cokali bai ɓata ba. Ka roƙi oganka ya rubuta maka takardar shaida. In sun ƙi, masu neman direban gida sun fi damuwa da amana a kan satifiket, sai dai ka tabbatar lasisinka na nan da rai, ka yi katin LASDRI na direbobin Legas, ka yi rajistar LASRRA ta mazauna Legas. Maigadi na da dogon dare, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, ba a korar ɗan 34, sayi littattafai ka fara. Kar dai zafin nema ya kai ka acaɓa a inda kake, tun 1 ga Yuni 2022 aka hana a Eti-Osa, wato wajen Lekki, da Ikeja da wasu ƙananan hukumomi, babur ɗin za su kwashe.

Maganar mama kuwa, kula da ita umarni ne, 1 Timoti 5:8 ya yi tsauri a kan wanda ya ƙi kula da iyalinsa. Amma Allah bai taɓa cewa ka karya wannan umarni don ka cika wancan ba. Kira ta ka gaya mata ainihin abin da kake samu, ka daina tura hoto kana jingine da motar oga, shi ke sa 'yan gida su ɗauka kuɗi ne kake ɓoyewa. Ku raba nauyin asibitin da sauran 'yan'uwanka, shi ma ƙanen naka mai WAEC ya motsa. Batun taki, akwai adashen da matasa ke yi, zan yi magana a ba ka ɗauka da wuri.

Ka same ni ranar Lahadi bayan sujada ka zo da NIN da lasisin mu duba tare. Ka gaishe min da mama da jiki.