Rainon okid da saiwa a waje: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa saiwoyin Phalaenopsis ɗinki, wato wani nau'in furen okid, sun fara ruɓewa a cikin gansakukar da aka sayar miki da shi a ciki, kuma kin ga hotunan masu rataye okid ba tukunya ba komai, wasu kuma a cikin kwalbar gilashi, shi ne kike son jin ko ke ma za ki iya. Za ki iya, na daɗe ina yi. Sai dai ki san abin da kike shirin ɗaukar wa kanki. Gansakuka ko guntayen ɓawon itacen da ake zubawa a tukunya ba abinci suke ba shi ba, ruwa suke riƙe masa na 'yan kwanaki. Ranar da kika cire su, wannan aikin ya dawo wuyanki, kuma kullum ne.

Dangin okid sun kai wajen nau'i 28,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ba a ƙasa suke tsirowa ba, a jikin bishiya suke maƙalewa. Kada ki ɗauka irin kauci ne da ke tsotse bishiyar da ya hau. Okid wurin zama kawai yake nema, ruwansa daga sama da raɓa, abincinsa daga ɗan abin da ruwan ya wanko na ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsu. Shi ya sa saiwarsa ta bambanta da ta sauran tsirrai. Wannan farin abin da ya lulluɓe ta, mai kama da soso, matattun ƙwayoyin halitta ne da ke zuƙe ruwa nan take da ya taɓa su. Idan saiwar ta ƙoshi sai ki ga ta koma kore, idan ta bushe ta dawo fara mai ruwan azurfa. A jiƙe, a bushe, a sake jiƙewa, haka take so. Abin da ke kashe ta a tukunya shi ne zaman laima ba iska, kuma gansakukar da masu sayarwa ke danna wa da ƙarfi, da zarar ta tsufa, abin da take jawowa ke nan.

Amma ba kowane okid ne ke yarda ba. Vanda shi ne sarkin wannan harka, a kwandon katako mai ramuka ko a jikin waya kawai ake rataye shi, saiwoyinsa su zubo har su wuce mita guda. Cattleya da Brassavola da yawancin Dendrobium suna jin daɗin a ɗaure su a itace, domin suna da kumburarren kara da ke ajiye ruwa, ko kin yi sakaci na kwana biyu ba za su nuna ba. Paphiopedilum da irin Cymbidium ɗin da aka saba sayarwa kuwa, a bar su a tukunyarsu, saiwarsu ba ta jure bushewa. Naki yana tsakiya. Asalinsa ɗan kan bishiya ne daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, amma ba shi da wancan karan na ajiya, ganyensa da saiwarsa ne kaɗai rumbunsa. Don haka yana yi, amma ba ya yafe mantuwa.

Kafin komai ki auna danshin iskar wurin da za ki ajiye shi. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi, ki nemi ɗaya, domin fata ba ta faɗin gaskiya a nan. Daga kashi 60 zuwa sama, abin zai zo miki da sauƙi. Idan yana yawo a 30 ko 40, ko kuma ɗaki ne da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki yini guda, saiwar za ta bushe cikin ƙasa da awa ɗaya bayan kin jiƙa ta, kuma za ki riƙa shayarwa safe da yamma. Yawancin hotunan da kike gani masu ban sha'awa daga gidajen gilashi na rainon tsirrai ne ko daga ƙasashe masu laima irin Tailan, inda iska kanta ke yin rabin aikin.

Hanyar da na fi so ita ce ɗaurewa a itace. Ɓawon bishiyar da ake yin marfin kwalba da shi ya fi kowane, domin yana da kaushi, ba shi da nauyi, kuma yana shekaru bai ruɓe ba. Idan babu, kowane itace mai tauri da ya bushe sosai zai yi, muddin ba a yi masa fenti ko maganin gara ba, kuma ba mai fitar da ƙaro ba ne. Ki ɗaura da zaren kamun kifi ko tsinken tsohuwar safar nailan, ki guji wayar jan ƙarfe tsirara, guba ce a gare shi. Ɗaurin ya kama sosai. Idan shukar tana motsi duk lokacin da iska ta kaɗa, kan sabuwar saiwa zai riƙa gogar itacen ya mutu kafin ya kama. Ga wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: a daji Phalaenopsis ba ya tsayawa cak yadda muke ganinsa a tukunya, a karkace yake, ganyensa na kallon ƙasa. Ke ma ki ɗaure shi haka, don kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen inda sabon ganye ke fitowa. Ruwan da ya kwana a wurin shi ke ruɓar da kan, kuma idan kan ya tafi da wuya a ceto shi. Ni nakan sa ɗan siririn gansakuka a ƙarƙashin saiwar a watannin farko. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce ai wannan ba "ba komai" ba ne, to su ce.

Shayarwa kuma ba fesa-fesa ba ce. Feshin ruwa sau biyu da 'yar kwalba yana jiƙa bayan saiwa ne kawai, cikinta da ƙishi. Ki kwarara masa ruwa har saiwar ta yi kore, ki ɗan dakata, ki sake kwararawa, ko ki tsoma itacen gaba ɗaya a bokiti na minti 15 zuwa 20. Da safe ya fi, don ya bushe kafin dare.

Maganar kwalbar gilashi, iri biyu ake yi. Wasu na barin ƙasan saiwar kaɗai a cikin ɗan ruwa koyaushe, wasu na jiƙawa kwana 2 su zubar da ruwan su bar shi kwana 5 a bushe. Na gwada duka. Gaskiya ban cika ba mutum shawarar ta farko ba. Saiwar da ta girma a gansakuka ba ta saba da zama cikin ruwa ba, sau da yawa takan ruɓe, shukar ta tsaya jiran sababbi, kuma a wannan tsakanin ganye yakan yamushe. Ga koren datti da ke fitowa a gilashi, ga wanki kowane mako. Abin da ya fi yi mini shi ne in ɗauki kwalbar a matsayin mazauni kawai: in cika ta da ruwa na rabin awa, in juye tas, in bar shi. Bangon kwalbar na riƙe ɗan danshi kewaye da saiwar, abin da zai taimake ki idan iskar ɗakinki busasshiya ce. Gindin shukar dai ya tsaya a bakin kwalbar, kada ya taɓa ruwa.

Taki kuma dole ne, tunda babu abin da zai riƙe masa. Ki ɗauki takin ruwa, ki sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin robar, sau ɗaya a mako lokacin da yake girma. Ki fara jiƙa saiwar da ruwa zalla kafin takin. Idan kika ga kan saiwa yana yin baƙi, ko farin gishiri na taruwa a jikin itacen, takin ya yi yawa ko ruwanki na da gishiri, ki koma ruwan sama ki wanke sosai.

Yanzu ga naki. Lokacin da ya fi dacewa a sauya masa wuri shi ne sa'ad da sababbin saiwoyi masu koren kai suka fara leƙowa, amma tunda ruɓa ta riga ta shiga, kada ki jira. Ki jiƙa tukunyar, ki zare gansakukar a hankali, ki matsa kowace saiwa da yatsa. Mai tauri tana da rai ko da launinta rawaya ne, rashin haske ne ya sa. Wadda ta yi laushi ta saɓule ta bar zare a tsakiya ta mutu, ki yanke da almakashin da kika goge da sifirit. Idan yana ɗauke da fure kuma saiwar da ta rage kaɗan ce, ki daure ki yanke karan furen, ƙarfinsa ya koma wajen saiwa. Ki ajiye shi inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Zai iya zubar da ganyen ƙasa ɗaya, zai iya tsallake furen shekara guda, duk ba abin tashin hankali ba ne.

Idan kuma ke mai yawan tafiya ce, ko safiyarki a cike take, ki sa shi a tukunya mai ramuka da manyan guntayen ɓawo, zai samu iskar da yake nema, ke kuma shayarwa sau ɗaya ko biyu a mako ta ishe ki. Idan kin zare shi, ki turo hoton saiwoyin a nan kafin ki sa almakashi, mu duba tare mu ga abin da ya rage.